Kafin ka tura ƙwarin kiwo wata jiha a Amurka

Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka ya rubuto cewa yana kiwon kyankyason Dubia da gyare, yana sayar wa masu kiwon ƙadangaru da kaji. Yanzu wani a Florida ya nemi ya aika masa kwali guda, shi ne yake tambaya ko akwai matsala.

Akwai, Malam, kuma babba. Kada ka aika. Florida ta hana shigar da Dubia ba tare da izini na musamman ba. Asalin wannan kyankyaso nahiyar Kudancin Amurka ce, yana son zafi da laima, kuma kudancin Florida ba a cika yin tsananin sanyi ba. Kwali ɗaya ya yage a hanya, to sun samu gida. Jihar da har yau take fama da mesar Burma da ta cika dausayin Everglades ba za ta ɗauki irin wannan da wasa ba. Shi ya sa masu kiwo a can suka koma kan kyankyason discoid, wani nau'in da jihar ta yarda da shi. Hawaii ma ta fi kowa tsauri.

Doka hawa biyu ce. Ta tarayya tana hannun APHIS, sashen Ma'aikatar Noma ta Amurka, ƙarƙashin dokar kare tsirrai ta 2000. Ƙwaron da zai iya cin amfanin gona ana nema masa takardar PPQ 526 ta intanet, su kuma sai sun ji ta bakin jihar da kayan za su sauka. Sannan kowace jiha da nata sharuɗɗan. Akwai ƙwarin da aka yafe wa takardar, amma a duba jerin APHIS na yanzu, kada a dogara da "ai kowa yana aikawa". Shawarata: ka san sunan ƙwaronka na kimiyya, don "gyare" kaɗai bai ishi jami'i ba, kuma ka rubuta shi a jikin kwalin.

Wata Hajiya daga Kaduna kuma tana son odar ƙwan baƙin ƙudan soja daga waje don ta samu tsutsar kaji. Hajiya, abu mai rai ba ya shigowa Najeriya sai da izinin hukumar NAQS, mai tantance dabbobi da tsirran da ake shigowa da su ƙasar. Ni dai ban ga dalilin wahalar ba. Ƙudan nan yana nan gida. Ki jiƙa dusa a bokiti, ki aza guntun kwali mai ƙofofi a bakinsa, ki ajiye a inuwa. Macen za ta zo da kanta ta zuba ƙwai a cikin ƙofofin.