Amsa ga uwar da ke son yin lambu amma yara sun hana ta sakat

'Yar'uwa, kin ce sanyi ya janye, ƙasa ta fara ɗumi, kina sha'awar shuka, amma ɗan shekara 2 da 'yar shekara 4 ba sa barin ki ko numfasawa. Kina tambayar inda za ki samo lokacin. Gaskiyar magana, awa biyu a jere ba za su samu ba a wannan shekarun, kada ki zauna jiran su. Lambun za ki yanka daidai da mintunan da kike da su.

Fara da mazubi uku ko huɗu kawai. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne a nan: mai jera mazubi 15 a makon farko, kafin wata ya ƙare rabinsu sun bushe, sai abin sha'awa ya koma abin takaici. Mazubi huɗu minti 10 suke ci a rana. Latas da na'a-na'a zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe su, amma ki ware wa na'a-na'a nata mazubin, don saiwarta na mamaye na kusa da ita. Tumatir kuwa yana son mazubi mai cin lita 20, gindi ɗaya tak a ciki. Kowanne ki huda ƙasansa. Ki ajiye su inda rana ke kaiwa awa 6 ko fiye, kuma kusa da ƙofar da kike yawan bi, domin abin da ido ba ya gani shi ake mantawa da ba shi ruwa.

Tumatir daga iri aiki ne mai tsawo: mako 6 zuwa 8 yana reno a ɗaki kafin dashe. A bana ki sayi wanda ya riga ya tsiro. Babu abin kunya a ciki. In kuma kin rene shi da kanki, kada ki fitar da shi waje rana ɗaya. Ki yaye shi a hankali, awa ɗaya ko biyu a inuwa ranar farko, kina ƙarawa har kwana 7 zuwa 10, sannan ki dasa bayan sanyin dare mai daskarar da raɓa ya wuce.

Sai rabon aiki, wanda shi ne ainihin amsar tambayarki. Akwai aikin da ba a yi da yara a kusa: dashe, zuba taki, shuka ƙananan iri irin na latas, da duk abin da ake yi da almakashi. Waɗannan ki tara su wuri ɗaya, sau ɗaya a mako, minti 30 zuwa 40, lokacin barcin ranar ƙaramin ko ranar da babansu ko wata 'yar'uwa za ta riƙe su. Ki faɗi ranar da lokacin ƙarara tun da wuri, don "in an samu sarari" ba ya zuwa. Kuma ki haɗa ƙaramin shebur, safar hannu, iri da igiya a bokiti guda a rataye. Rabin lokacin uwa wajen neman kayan aiki yake tafiya.

Sauran aikin, ban ruwa da cire ciyawa, da su za ki yi. Ki ba babbar mazubinta, ki ba ta wake ta shuka; cikin kwana 7 zuwa 10 zai fito, haƙurinta bai kai ga ƙarewa ba. Ƙaramin kuma roba da ƙasa zalla da cokali sun ishe shi. In bai da wurin tonon kansa, naki zai tona. Ki huda murfin gorar ruwa ki ba su maimakon butar ban ruwa, domin yaro bai san ya isa ba, kuma yawan ruwa ya fi ƙishi kashe tsiro: gindin ya ruɓe, ya kwanta. Ki cusa yatsa santimita 2 zuwa 3 a ƙasa, in da danshi a bari sai gobe. In kika ga tsiro ya yi tsawo siriri yana karkata, haske ne bai ishe shi ba, taki ba zai gyara ba.

Abin da ba na so ki ɗauka da wasa shi ne tsaron yaran. Kada ki bar bokiti da ruwa a ciki ko na minti ɗaya, ɗan ruwa kaɗan na iya halaka mai tatata. Wake da manyan iri na shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba, su tsaya a hannun babbar kina kallo. Irin da kika ga an rina shi ja ko kore magani aka shafa masa, shi da taki a kulle su. Zurma kada ta kusanci gidan, ƙwayarta guba ce. In kina da juna biyu, ki sa safar hannu ki wanke hannu da sabulu bayan taɓa ƙasa, saboda cutar da ke fitowa daga kashin kyanwa.

Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ban ruwa kawai za ki yi, sauran su jira. Ki rufe saman ƙasar da busasshen ganye kaurin santimita 3, zai riƙe danshi, ki samu ɗagin kwana ɗaya ko biyu in zafi bai tsananta ba.