Tambaya da Amsa: Shin Talauci ne ke Kashe Sha'awar Haɗin Kan Ƙasashe?

Tambaya: Malam, na lura duk sanda tattalin arziki ya taɓarɓare sai jama'a su fara zagin ƙungiyoyi irin su ECOWAS da Tarayyar Turai. Talauci ne ke kashe sha'awar haɗin kai? Daga wani mai karatu.

Amsa: Talauci shi kaɗai ba ya yin haka. Abin dubawa shi ne wa jama'a suka ɗora wa laifi, kuma me suke tsoron rasawa in an fice.

A 2010 bashi ya yi wa Girka katutu. Da tana da kuɗinta na drachma, da sai ta karya darajarsa ta samu sa'ida, amma ta riga ta shiga yuro tun 2001. Abin da ya rage mata shi ne zaftare albashi da fansho da ƙara haraji, bisa sharuɗɗan Hukumar Tarayyar Turai, Babban Bankin Turai da IMF. Rashin aikin yi ya haura kashi 25 cikin ɗari. A ƙuri'ar raba gardama ta Yulin 2015, kusan kashi 61 suka yi fatali da sharuɗɗan. Amma fa ba su bar yuro ba. Bankuna na rufe, mutum ba ya iya cire fiye da yuro 60 a rana, kuma duk mai ajiya ya san in aka koma drachma kuɗinsa zai narke. Gwamnatin Firaminista Alexis Tsipras ta karɓi sabon rance da sharuɗɗansa, aka kuma sake zaɓenta a Satumba.

Abin da yakan fara shan duka shi ne 'yancin zirga-zirga, domin baƙo ya fi sauƙin nuna wa yatsa. ECOWAS ta amince da wannan 'yanci a 1979, amma da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu a 1983, ciki har da 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya.

Mafi muni shi ne ƙuncin ya fito daga hannun ƙungiyar kanta. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Sojoji aka nufa, talaka ya ji a jikinsa, kuma a ganina hakan ya share wa Nijar, Mali da Burkina Faso hanyar sanar da ficewa a Janairun 2024. Lokacin ficewar kuwa, ba su taɓa kujerunsu na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ba, ba su kuma saki kuɗin sefa ba.