Buhun garin kifi ɗaya: tarwaɗa za a ba ko kaji?

Tambaya: Malam, ina kiwon tarwaɗa a tanki biyu a bayan gidana a Samaru, ga kuma kaji masu ƙwai, kuma da kaina nake haɗa musu abinci. Garin kifi ya yi tsada, kuɗin hannuna buhu ɗaya kawai za su saya. Wa zan ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba tarwaɗa, musamman 'yan ƙananan. Ita dama can maciyar nama ce, tana ƙarama sai abincinta ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na furotin kafin ta yi girman kirki. Kaza mai ƙwai kuwa kashi 16 zuwa 17 ya ishe ta, kuma masara da waken soya da tunkuza za su kawo mata shi, in ka ƙara lasin da metiyonin, sinadaran ƙarin gina jiki da masu kayan kaji ke sayarwa. Amma a soya waken tukuna, ɗanyensa yana hana abinci narkewa. Garin kifi ma in ya yi yawa, sai ka ji ƙwan yana ƙarni, mai shayin da ke saye a wurinka ya fara yamutsa fuska.

Rabon da kake yi a bayan gidanka, duniya ta riga ta yi shi. Da ƙananan kifayen teku ake yin garin nan, sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 kafin a samu kilo ɗaya. A da kaji da aladu ke cinye mafi yawansa, yanzu gonakin kifi sun ƙwace kasuwar, masu kaji suka koma waken soya. Ƙasar Peru ce kan gaba wajen yin sa, da ta soke kakar kamun farko ta 2023 saboda ɗumamar ruwan teku, farashi ya tashi ko'ina. Ga kuma dala, ba sai na faɗa maka ba.

In ka je saye, kada rubutun jikin buhu ya ruɗe ka. Ɗebi cokali guda ka zuba a kofin gilashi mai ruwa, ka motsa. In an yi algus da yashi za ka gan shi kwance a ƙasa. Ka shinshina kuma, mai warin ruɓa ko na fitsari bar musu kayansu, ko da arha.

Batun auna haɗin kajin, ba ka da nisa da masana: NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma, na nan Samaru, NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi, na Shika. Tafi da samfurin abincin a leda.