Ngannou ya kai Fury ƙasa, me ya sa aka ba Fury nasara?

Tambaya: A damben Riyad na 28 ga Oktoba 2023, Francis Ngannou ɗan Kamaru ya kai ɗan boksin ɗin Birtaniya Tyson Fury ƙasa, amma aka ce Fury ne ya ci. Wannan ba cuta ba ce? Mai karatu daga Garwa, Kamaru.

Amsa: Malam, da damben gargajiya ne, da magana ta ƙare, kisa kisa ne. Boksin kuwa turmi-turmi ake lissafa shi. Alƙalai uku ne a gefen fili, kowa da takardarsa: wanda ya ci turmi maki 10, abokin karawarsa 9, in an kai mutum ƙasa yakan samu 8. Faɗuwar Fury a turmi na uku ratar maki biyu kawai ta ba Ngannou cikin turmi goma.

Duba takardun. Alƙali ɗaya ya ba Ngannou 95-94, wato biyar-biyar, faɗuwar ta raba gardama. Na biyu ya ba Fury 95-94, turmi shida ke nan. Na uku ya ba Fury 96-93, turmi bakwai, kuma a ganinmu wannan ya yi yawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne turmin da aka yi kankankan. Wani alƙali yana ƙirga naushin da ya sauka tsaf, wani yana duba nauyinsa da wanda ke kora wani. Kuma turmin da aka ci da ƙyar da wanda aka ci da rinjaye galibi duk 10-9 ne. Da alƙalin da ya ba Fury 95-94 ya juya turmi ɗaya tak, da Ngannou ne da nasara.