Oracle, SQL Server ko PostgreSQL: wanne ya fi tsaro?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane rumbun bayanai ya fi tsaro ga kamfaninku. Ni dai zan ce ka fara duba mai kula da shi kafin sunansa. A Janairun 2003 tsutsar Slammer, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta afka wa dubban na'urori masu SQL Server cikin mintuna kaɗan, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar wata shida kafin nan, mutane ne ba su saka ba. Haka a farkon 2017 aka kwashe bayanan dubban rumbunan MongoDB da aka bari a intanet babu kalmar sirri, aka nemi kuɗin fansa.

Bambanci akwai shi. Oracle da SQL Server suna iya rufe bayanan da ke kan faifai da kansu, wato su mayar da su rubutun sirri da ba ya karantuwa sai da mabuɗi, sai dai a Oracle sai ka biya ƙarin lasisi, kuma da tsada. PostgreSQL kyauta ne, tun 2016 yana iya taƙaita layukan bayanan da kowane ma'aikaci zai gani, amma rufe faifan kai za ka yi. In kuɗinku kaɗan ne, ɗauki PostgreSQL, ragowar kuɗin ku ɗauki ƙwararre.