Mahaifinmu ɗan kwangila ne, ya rasu ya bar gini a linta

Tambaya: Mahaifinmu ya yi shekaru fiye da 30 yana kwangilar gini a Sakkwato. Ya rasu ya bar gidan wani bawan Allah a Mabera ya kai linta, ga leburori da mai siminti suna bin sa kuɗi. 'Yan'uwa suna matsa a raba gado. Ta ina za mu fara?

Amsa: Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa aljanna ce makomarsa. Ɗana, ka ba 'yan'uwanka haƙuri, rabo bai zo ba tukuna. Bayan hidimar jana'iza sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage shi ne gado. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, sun maimaita sharaɗin fitar da wasiyya da bashi kafin rabo. Dukiyar ɗan kwangila kuwa tana ruɗin ido. Za ku ga miliyoyi a banki, alhali rabinsu kafin alƙalami ne na aikin da ba a yi ba.

Fara duba takardun rajista. In kamfani ne mai zaman kansa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kamfanin bai mutu ba, kwangilar tana wuyansa, ku kuma hannun jarin Alhaji kuka gada. In sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, ko bai yi ba sam, bashin yana kan abin da ya bari.

Maganar gidan Mabera, malamanmu na Malikiyya sun rarrabe. Idan hannun mutum aka yi haya, kamar magini da aka ce shi da kansa zai ɗora bulo, yarjejeniya ta warware a abin da ya rage ranar da ya rasu. Idan kuwa alkawari ya ɗauka na miƙa gida gamamme, ko da wa zai yi aikin, alkawarin yana bin dukiyarsa. Yawancin kwangilolinmu irin na biyun ne. Ku ɗauko masanin ƙiyasin gini ya auna abin da aka yi tun daga tushe, ya ƙirga rodi da bulo da simintin da ke wurin, a gwada da kuɗin da aka karɓa, a gaban mai gidan da shaidu. Daga nan ko ku kammala, ko ku mayar da rarar. Kada ku ja lokaci: siminti ba ya jiran zaman makoki, in ya sha raɓa ya zama dutse.

Mai siminti yana iya cewa zai kwashe buhunansa tunda ba a biya ba. A mazhabarmu wannan damar tana ga wanda abokin cinikinsa ya karye yana raye. In mutuwa ce, sahu ɗaya yake da sauran masu bin bashi, kuma in dukiya ta gaza, kowa ya samu gwargwadon abin da yake bi.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne leburori. Mai siminti yana da littafi, banki yana da lauya. Yaron da ya yini yana ɗaukar kwaɓi a ka cikin zafin Afrilu na Sakkwato ba shi da komai sai kunya, ba zai zo gidan gaisuwa ya ce yana bin mamaci ba. Ku neme su da kanku ta hannun babban birkilan Alhaji, shi ya san kwanakin kowa.

Shi ma Alhaji yana bin wasu bashi. A aikin gwamnati akan riƙe wani kaso, galibi biyar cikin ɗari, sai wa'adin gyare-gyare ya cika. Ku tattara takardun, ku kai maganar babbar kotun shari'ar Musulunci, domin banki da ma'aikata ba za su saki sisi ba sai da takardar kotu.