Amsa ga Alhaji kan haɗa injinan shinkafa da rumbun intanet

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari saƙonka inda kake tambaya ko Azure za ka ɗauka ko AWS, wato rumbunan ajiyar bayanai a intanet, domin ka riƙa ganin aikin injinan casar shinkafarka a waya. A fahimtata, abin da kake son sani shi ne ko za ka iya zama a gida ka yarda da lambobin da wayar ke nuna maka, kuma amsar wannan tana cikin ɗakin inji, domin kowanne daga cikin rumbunan biyu zai karɓi abin da aka aika masa.

Injinanka, in dai masu PLC ne, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inji, galibi da Modbus suke magana, tsarin musayar bayanai tsakanin na'urori da aka fito da shi tun 1979, wanda ba ya tambayar kowa kalmar sirri, don haka duk wanda ya kai gare shi zai iya karantawa, zai kuma iya ba inji umarni. Kada a kuskura a haɗa shi kai tsaye da intanet. Ana sa ƙaramin akwati a tsakani, ya ɗebo lambobi ta wayar RS-485, wato wayar sadarwa da ake jonawa a jikin PLC, ya tura su waje ta MQTT, wato tsarin aika saƙon na'urori ta intanet, a kulle yadda wani ba zai iya karantawa ba, kuma a saita shi ya karanta kawai.

To a kan akwatin nan ne na sha wuya bara. Wasu masu haɗa kaya suka zo wani injin casa da nake kula da shi a nan Sakkwato, suka nuna wa mai gida zane-zane masu kyau a allo, aka biya su, suka tafi. Akwatinsu ba ya ajiye komai idan sabis ya ɗauke. Ran nan sabis ya tafi tun daga azahar har bayan la'asar, allo ya nuna kamar tukunyar turara ba ta yi aiki ba, mai gida ya kira yaron da ke kan inji ya tuhume shi da karkatar da man gas, alhali yaron yana tsaye gaban tukunya, rigarsa sharkaf da gumi. Sai da na ɗauko littafin da yake rubuta awo da hannu kafin aka wanke yaron, kuma har yau ba wanda ya ba shi haƙuri. Sun kuma kafa akwatin a cikin durowar ƙarfe a jikin bangon da rana ke duka, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Na ce sabis ne ya jawo, amma bari in gyara, har da wuta. Duk lokacin da aka koma janareto akwatin yakan mutu ya tashi, agogonsa ya rikice, lambobin safe su faɗa cikin na dare. Saboda haka ka nemi akwati mai ajiyar bayanai na kwanaki, mai batirin agogo, a kuma sa masa ƙaramar UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke. Maganar tura lambobi duk daƙiƙa ma ban ga amfaninta ga tukunya ba, sau ɗaya a minti ya wadatar.

Ka sa a ɗauko mini hoton farantin da ke jikin PLC ɗin da na cikin akwatin wutar, in ga ko akwai mashigar RS-485 da ba a yi amfani da ita ba.